Tura samfuran sankarar mama zuwa ɗakin gwaje-gwaje na haɗaka domin gwajin maikuro'are: ina neman shawara

Ɗalibar Fatoloji ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Ni likita ce mai neman ƙwarewa a fannin binciken tsoka, wato fatoloji, a wani asibitin koyarwa da ke arewacin Najeriya, kuma na samu ɗan tallafin bincike wanda ba shi da yawa, amma zai ishe ni aiki guda ɗaya idan na yi tattalinsa. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda matan da ake kawo mana tsokarsu da sankarar mama suke da ƙarancin shekaru, da yawansu ba su kai hamsin ba, kuma ƙarin da ke jikinsu yakan zo da girma da saurin yaɗuwa. Ina so in san wane rukuni na sankarar mama ne ya fi yawa a cikinsu idan aka duba ta fuskar ƙwayoyin gado, domin abin da ido ke gani a ƙarƙashin maikuroskof bai gamsar da ni ba.

Na shiga ma'ajiyar sashenmu na tsamo bulok 64 na tsokar da aka jiƙa a fomalin aka daskarar a cikin kaki, daga shekarar 2016 zuwa 2022. Malamin da ke duba aikina ya ba ni shawarar in nemi ɗaya daga cikin ɗakunan gwaje-gwaje na haɗaka da ke cibiyoyin binciken sankara a ƙasashen waje, waɗanda ke karɓar samfur daga masu bincike su yi masa gwajin maikuro'are, wato gwajin da ke auna dubban ƙwayoyin gado a lokaci guda, a biya su. Da na fara karanta sharuɗɗansu sai na ƙara rikicewa, domin kowannensu yana maganar ingancin RNA, wato saƙon da ƙwayoyin gado ke fitarwa idan suna aiki, da yawan abin da za a aiko, kuma nau'in gwajin da suke yi ya fi ɗaya.

Roƙona ga waɗanda suka taɓa aiki a irin waɗannan wurare shi ne su bayyana mini yadda suke gudana, da abin da za su nema daga gare ni, da kuma ko tsokar da ta shekara shida ko takwas a cikin kaki za ta yi amfani. Sannan wani abokin aikina ya ce mini zamanin maikuro'are ya wuce, wai asarar kuɗi zan yi. Ina so in ji gaskiyar wannan magana kafin in taɓa ko kwabo daga cikin tallafin, domin idan ya ƙare babu wani a bayansa. Allah ya saka da alheri.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya amsa:

Wa alaikumus salam Dokta. Na shekara tara ina aiki a irin wannan ɗaki a wata cibiyar binciken sankara da ke Amurka, saboda haka zan faɗa miki abin da hannuna ya taɓa.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar ɗakin haɗaka ita ce ki tuna injin niƙa na unguwa. Ba kowane gida ne zai iya sayen inji ya ɗauki mai kula da shi ba, sai a samu guda ɗaya kowa ya kai hatsinsa ya biya kuɗin niƙa. Na'urar da ke karanta maikuro'are tana da tsada, magungunan aikin suna da wa'adin lalacewa, kuma hannun da ke yin aikin kullum ya fi na wanda zai yi shi sau ɗaya a shekara. A Amurka, Cibiyar Sankara ta Ƙasa, wadda dokar 1971 ta ƙarfafa, tana ba manyan cibiyoyin da ta amince da su, waɗanda yanzu sun haura 70, wani tallafi na musamman da ake riƙe irin waɗannan ɗakuna da shi. Wannan ne ya sa za ki ga farashi iri biyu ko uku: na 'yan gida shi ne mafi sauƙi, sai na sauran jami'o'i, sai na kamfanoni. Ke a rukuni na biyu za ki faɗa, sai fa idan kin samu abokin bincike a cikin cibiyar wanda aikin zai shiga da sunansa, kuma wannan shawara ce da ke da riba da kuma abin lura, kamar yadda na tabbata manyanmu a nan za su faɗa miki.

Shi kansa maikuro'are ɗan fallen gilashi ne, na kamfanin Affymetrix bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, wanda aka dasa wa dubban ɗaruruwan guntayen DNA, kowanne a gurbinsa sananne. Kowane guntu tamkar ƙugiya ce da ba ta kama komai sai abin da ya dace da ita. Mukan ciro RNA daga ƙarin, mu juya shi zuwa sifar da za ta jure aiki, mu yi masa alama, sannan mu zuba a kan fallen ya kwana yana juyawa na awa 16 a zafin digiri 45. Washegari a wanke, a rina da rini mai ƙyalli, a sa na'ura ta haska. Gurbin da ya yi haske sosai yana nuna cewa wannan ƙwayar gado tana aiki tuƙuru a cikin ƙarin, wanda ya dusashe kuma tana kwance. A dare ɗaya ana auna ƙwayoyin gado kusan dubu 20.

Tambayar da kike son amsawa da wannan dabara aka fara amsa ta. A 1995 ɗakin binciken Patrick Brown a Jami'ar Stanford ya wallafa gwajin farko a kan ƙwayoyin gado 45 na wani ɗan tsiro. A 1999 Todd Golub da abokan aikinsa suka nuna cewa da samfur 38 kacal na sankarar jini, tsarin hasken da ke kan fallen zai iya raba nau'i biyu na cutar ba tare da an dubi ƙwayoyin da ido ba. A 2000 kuma Charles Perou da abokansa suka duba samfur 65 daga mutane 42, aka fara ganin cewa abin da ake kira sankarar mama a dunƙule, a haƙiƙa cututtuka ne daban-daban da suka taru a gaɓa ɗaya. Daga wannan aiki da wanda Therese Sørlie ta jagoranta a 2001 aka samu rukunan da kike karantawa a littattafai. A 2002 masu bincike a Cibiyar Sankara ta Holan suka fitar da jerin ƙwayoyin gado 70 da ke hasashen ko ƙarin zai yaɗu, wanda ya zama gwajin MammaPrint da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2007.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kusan duk waɗannan ayyuka da ɗanyar tsoka aka yi su, wadda aka daskarar nan take bayan an ciro ta. RNA abu ne mai rauni ƙwarai. Fomalin yana kakkarya shi yana kuma ɗaure shi da furotin, tsawon zama a cikin kaki a ɗaki mai zafi yana ƙara dagula shi. Abu na farko da muke yi wa duk samfurin da ya shigo shi ne mu sa shi a na'urar Bioanalyzer, wadda ke ba shi maki daga 1 zuwa 10. Ga gwajin da aka saba muna son 7 ko sama. RNA da aka ciro daga bulok yawanci 2 ko 3 yake samu, shi ya sa ma ba ma dogara da wannan maki a kansa, sai mu auna kashi nawa cikin ɗari na guntayen ne suka wuce tsawon harafi 200. Idan bai kai kashi 30 ba, gaskiya aikin ba zai yi kyau ba. Akwai magungunan da aka ƙera musamman domin irin wannan RNA, kuma suna taimakawa, amma ba sa dawo da abin da ya riga ya lalace.

DNA ya fi juriya nesa ba kusa ba, kuma maikuro'are ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke duba inda wani yanki na kuromosom ya ninku ko ya ɓace, kamar OncoScan, wanda aka ƙera shi domin bulok tun asali, kuma nanogiram 80 na DNA ya ishe shi. Akwai kuma wanda ke karanta tambarin metil da ke kan DNA, wato alamar sinadari da ke shafar kunnuwa ko kashewar ƙwayar gado, irin EPIC na kamfanin Illumina, mai duba gurabe fiye da dubu 850. Da samfuran da ke hannunki, waɗannan biyu sun fi kusa da nasara, sai dai tambayar da suke amsawa ta ɗan bambanta da taki.

Shawarata ita ce kada ki aika bulok 64 a tashi ɗaya. Ki rubuta wa manajan ɗakin ki nemi ganawar tuntuɓa, wadda yawancinmu kyauta muke yi, ki faɗa masa gaskiyar shekarun samfuran da yadda aka adana su. Sannan ki fara tura shida ko takwas, wasu tsofaffi wasu sababbi, a auna ingancinsu kawai. Abin da wannan awo ya nuna shi ne zai faɗa miki hanyar da za ki bi.

Tsohon Malamin Fatoloji ya amsa:

'Yata, Allah ya yi wa aikinki albarka. Malam ya yi bayanin abin da ke faruwa bayan samfur ya isa wurinsu, ni kuma zan koma baya zuwa ɗakin tiyata, domin a can ake yanke hukuncin ko bincikenki zai yi kyau, tun kafin ke ki san da zaman tsokar.

Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin sankara da na fatoloji na Amurka suka shimfiɗa game da tsokar mama ita ce a sa ta cikin fomalin kafin awa ɗaya da ciro ta, fomalin ɗin ya zama na kashi 10 wanda aka daidaita tsaminsa, kuma ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Ki tambayi kanki, cikin bulok 64 ɗin nan nawa ne kike da rubutaccen lokacin da aka ciro su da lokacin da suka shiga fomalin? A shekarun da na yi ina aiki na sha karɓar mama sukutum a cikin bokiti, ba a tsaga shi ba, da ɗan fomalin da bai rufe rabinsa ba, bayan 'yan'uwan majinyaciya sun yi kwana biyu ko uku suna neman kuɗin gwaji da na mota daga wani gari. Fomalin a hankali yake ratsa tsoka, kamar milimita ɗaya a awa, saboda haka bayan ƙarin yakan kamu, tsakiyarsa kuwa ta ruɓe. Ban faɗi wannan domin ɗora wa kowa laifi ba, talauci da nisa ne suka jawo, amma dole mai bincike ya sa shi a lissafi.

Ga abin da ya sa na damu da wannan. A 2009 an wallafa wani bincike a kan mata 507 daga Najeriya da Senegal, aikin tawagar Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago, inda aka samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙarin ke ɗauke da makarɓar sinadarin istirojin, wato gurbin da wannan sinadari na mata ke maƙalewa a ƙwayar ƙarin. Shekara guda kafin haka, Farfesa Clement Adebamowo da abokansa a Ibadan sun duba samfur 192, suka samu kusan kashi biyu cikin uku. Ƙasa ɗaya, cuta ɗaya, amma tazarar ta yi yawa. Wani nazari da aka yi a 2014 wanda ya tattara binciken da aka gudanar a faɗin Afirka ya nuna cewa ayyukan da suka dogara da tsofaffin bulok na ma'ajiya sukan samu masu makarɓar ƙasa da waɗanda suka tattara sababbin samfura da kulawa. Ban ce babu bambanci na haƙiƙa tsakanin matanmu da matan Turai ba, akwai hujjoji masu ƙarfi cewa nau'in da ba shi da makarɓa ko ɗaya cikin waɗanda ake dubawa ya fi yawa a cikin 'yan asalin Afirka ta Yamma. Abin da nake cewa shi ne lalacewar tsoka tana iya yin shigar cuta mai tsanani, kuma wannan ba magana ce ta takarda kawai ba. Matar da aka ce ƙarinta ba shi da makarɓa ba za a ba ta tamoxifen ba, alhali yana cikin magungunan sankara mafi araha da muke da su.

Abu na biyu shi ne izini. Matan da aka ciro wa wannan tsoka sun ba da ita ne domin a gano ciwonsu, babu wadda aka tambaya ko ta yarda a kai wani ɓangare na jikinta ƙetare a karanta abin da ta gada daga iyayenta, wanda kuma 'ya'yanta suka gada daga gare ta. Kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku ne kaɗai zai iya yanke ko za a yafe neman sabon izini a kan tsofaffin samfura bayan an cire sunaye. Ƙa'idar Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa ta 2007 ta wajabta a rubuta yarjejeniyar miƙa samfur kafin a fitar da shi daga Najeriya, kuma tun 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a. Ki tabbata yarjejeniyar ta faɗi abin da za a yi da ragowar DNA, ko a dawo da shi ko a lalata, ta hana amfani da shi a wani bincike ba da saninku ba, ta kuma bayyana cewa ɗanyun bayanan da na'ura ta fitar mallakinku ne.

Game da shiga ƙarƙashin sunan ɗan gida domin samun rangwame, ba na hana ki, na ga haɗin gwiwar da ta yi kyau ƙwarai. Amma a rubuta tun farko wane ne jagoran aikin, da sunan wa zai fara a maƙalar. Na ga ƙananan abokan aiki da suka tara samfur na shekaru, suka ƙare da layin godiya a ƙarshen takarda. Kuma kafin ki tsallaka teku, ki bincika cikin nahiyarmu. Akwai cibiyar binciken ƙwayoyin gado ta CPGR a birnin Cape Town da ta daɗe tana yin irin wannan hidima ga masu bincike.

Mai Nazarin Bayanai ta amsa:

Ranka ya daɗe Farfesa, Allah ya ƙara lafiya. Dokta, zan ɗauki maganar abokin aikinki, domin rabinta gaskiya ce. Idan ana batun auna aikin ƙwayoyin gado, karatun jerin RNA kai tsaye, wanda ake kira RNA-seq, ya karɓe fagen tun shekaru goma da suka wuce. Dalili kuwa a fili yake: ƙugiya ba ta kama abin da ba a ƙera ta dominsa ba, shi kuwa karatun jeri yana ganin har abin da ba a zata ba, kamar inda ƙwayoyin gado biyu suka haɗe. Ɗakuna da yawa sun daina wancan nau'i na maikuro'are. A nan na ɗan saɓa da Malam, domin idan rarraba rukunan sankarar mama kawai kike so, ba kya buƙatar ƙwayoyin gado dubu 20. Tun 2009 aka taƙaita su zuwa 50 a jerin PAM50, kuma na'urar nCounter da kamfanin NanoString ya ƙirƙiro tana ƙirga su daga RNA na bulok, domin gajerun guntaye take nema. Wasu ɗakunan haɗaka suna da ita a gefen na'urar maikuro'are, ki tambaya.

Ɗaya rabin maganar tasa kuwa kuskure ne. Maikuro'are na tambarin metil yana kan ganiyarsa. A 2018 masu bincike a Heidelberg ta Jamus suka wallafa tsarin rarraba ƙarin ƙwaƙwalwa da suka gina a kan samfur kusan 2,800, kuma da suka gwada shi a kan sababbin majinyata sai ya sauya sunan cutar a kusan kashi 12 cikin ɗari. Rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 sun karɓi wannan hanya. Haka nan maikuro'are mai duba bambance-bambancen gado tsakanin mutane, wanda shirin binciken gado da lafiyar 'yan Afirka, H3Africa, ya sa aka ƙera masa falle na musamman mai gurabe fiye da miliyan biyu, saboda na farko-farko a kan Turawa aka tsara su, ba su kama yalwar bambancin da ke tsakanin 'yan Afirka. Wannan matsala tana taɓa EPIC ma: idan ƙugiya ta faɗa a gurbin da mutanenmu ke da harafi daban, hasken zai sauya ba domin cuta ba, saboda haka a tace irin waɗannan gurabe kafin nazari.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a shirinki shi ne da wa za ki kwatanta. Akwai tarin bayanai kyauta, kamar na binciken sankarar mama mai suna METABRIC da aka wallafa a 2012 a kan ƙari kusan 2,000 daga Birtaniya da Kanada, da na TCGA, shirin Amurka na taswirar ƙwayoyin gadon sankara, mai nau'in sankara 33, da dubban gwaje-gwajen da ke rumbun bayanai na intanet mai suna GEO. Zuciya za ta raya miki ki ɗora naki a gefen nasu ki ce ga bambancin matan Arewa da Turawa. Kada ki yi haka kai tsaye. Nasu ɗanyar tsoka ce, naki daga kaki, na'ura daban, shekara daban. Duk bambancin da kika gani ba ki da hanyar sanin na cuta ne ko na aiki, kuma babu manhajar da za ta raba miki su idan sun cakuɗe gaba ɗaya. Ko a cikin samfuranki, kada a zuba na matasa ranar Litinin a zuba na dattijai ranar Alhamis, ko a tara masu tsanani a falle guda. Fallen EPIC samfur takwas yake ɗauka, ki nemi a gauraya su da ƙuri'a, kuma a ba ki takardar da ke nuna ranar da aka ciro kowanne da gurbin da ya zauna.

Sai lissafi. Idan kika gwada ƙwayoyin gado dubu 20 da mizanin da aka saba na kashi 5 cikin ɗari, kusan dubu ɗaya za su fito kamar suna da ma'ana ko da babu wani bambanci ko kaɗan. Dole a yi gyaran lissafi na Benjamini da Hochberg, mai rage irin wannan sakamakon ƙarya, kuma manhajar limma da ke rumbun manhajoji na Bioconductor tana yin sa kyauta a kan kwamfutar tafi-da-gidanka. Wannan ma wata fa'ida ce ta maikuro'are a wurinmu, bayanansa ba su da nauyi, ba sa buƙatar babbar kwamfuta ko intanet mai ƙarfi.

Ina yawan ba ɗalibaina labarin abin da ya faru a Jami'ar Duke. A 2006 Anil Potti da abokansa suka wallafa cewa da maikuro'are za su iya hasashen maganin da zai yi wa kowane mai sankara aiki. Masana lissafi biyu na cibiyar MD Anderson, Keith Baggerly da Kevin Coombes, suka yi ƙoƙarin maimaita aikin suka kasa, sai suka gano cewa jerin sunayen ƙwayoyin gadon ya zame da layi ɗaya, kuma a wasu wurare an juya alamar masu jin magani da marasa ji. Kafin a saurare su an riga an fara zaɓa wa majinyata magani da wannan tsari. A 2010 aka dakatar da gwaje-gwajen, aka janye maƙaloli, a 2015 kuma hukumar sa ido kan amanar bincike ta Amurka ta tabbatar da cewa an yi maguɗi. Abin da ya tona asirin shi ne ɗanyun bayanai suna nan a buɗe. Saboda haka ki karɓi ɗanyun fayilolinki, kada ki yarda da taƙaitaccen jadawali kawai, kuma ki ware wani kaso na tallafin domin nazari, kada na'ura ta cinye duka.

Ɗalibar Fatoloji ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Ranka ya daɗe, na koma kan takardun da suka rako samfuran kamar yadda ka ce, kuma cikin 64 ɗin, 11 ne kawai aka rubuta lokacin da suka shiga fomalin. Wannan ya sanyaya mini jiki, amma gara da na sani yanzu. Na zauna da malamina mun yanke cewa za mu raba aikin gida biyu. Za mu tura bulok takwas a auna ingancinsu, idan sun tsallake mu nemi PAM50 a kan waɗanda suka dace. A lokaci guda kuma za mu nemi amincewar kwamitin ɗa'a mu fara tattara sababbin samfura, da takardar izini da aka rubuta da Hausa, da boko da ajami, wadda za ta faɗa wa kowace mace a fili cewa za a iya kai tsokarta wata ƙasa.

Saura tambayoyi biyu ga Malam. Firizarmu mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ba abin dogaro ba ce saboda wutar lantarki, to yaya zan adana ɗanyar tsoka? Sannan bulok ɗin kansa zan aika, ko kuwa yanka zan yi?

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya amsa:

Madalla da wannan shawara, Dokta, kuma Malama ta yi gaskiya game da nCounter, ya fi dacewa da tambayarki. Game da ɗanyar tsoka, ki nemi ruwan RNAlater. A yanka tsokar kada kaurinta ya wuce rabin santimita, a nutsar da ita cikin ruwan da ya ninka girmanta sau biyar, tun a ɗakin tiyata, ta kwana a firij na digiri 4. A haka RNA yana jure wata guda a firij, mako guda a digiri 25, kwana ɗaya kacal a digiri 37, saboda haka a watan Afrilu kada ki bar shi a kan tebur. Bayan ya kwana za ki iya mayar da shi firiza ta digiri 20 ƙasa da sifili, kuma ko wuta ta ɗauke ya narke na ɗan lokaci ba zai lalace kamar wanda aka daskarar haka kawai ba. Ki tabbata kin ajiye yankin da ke maƙwabtaka da shi a fomalin, domin ki san ƙari kika adana ba kitse ba.

Bulok kuwa kada ya bar sashenku, domin shi ne shaidar ciwon majinyaciyar, kuma tana iya dawowa a buƙace shi. Ki zubar da yanka biyu ko uku na sama waɗanda iska ta taɓa, sannan ki yanka wasu masu kaurin maikuron 10 a kan gilashi ba tare da rini ba, ki sauya reza tsakanin bulok da bulok domin kada tsokar wata ta shiga ta wata. Ki haɗa da gilashi ɗaya da kika rina, ki zagaye inda ƙarin yake da alƙalami, ki rubuta kashi nawa cikin ɗari na ƙwayoyin ne na sankara. TCGA kashi 60 ta sa a matsayin mafi ƙaranci, mu kuma daga cikin da'irar da kika zana za mu kankaro. Lamba kawai za ki rubuta a jikin gilashin, babu suna babu lambar asibiti. Wannan kaya ba ya buƙatar busasshiyar ƙanƙara, amma kaki yana fara narkewa ne a wajen digiri 56, kuma kwali yana iya daɗewa a rana a filin jirgi, saboda haka ki sa jakar sanyi guda biyu a ciki, ki aika ranar Litinin ko Talata domin kada ya kwana a kwastam a ƙarshen mako.